Ruwan Zafin Ranar Alhamis

Tun ranar Kirsimetin da ta wuce na san sai na rubuta wannan babi, domin na ga irin kallon da kuka yi mini. Emmanuel, kai ne ka ɗora 'yarka a cinya kana nuna mata a waya yadda aka haɗa fim ɗin da take mutuwar so, wai mutumin ba tashi sama yake yi ba, igiya ce aka ɗaura masa a ƙugu. Ni kuwa na fizge wayar, na yi maka faɗan da rabona da yi maka irinsa tun kana firamare, a gaban matarka da surukanka. Ka ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Lidiya kuma na ji ta a kicin tana cewa hawan jini ne, a daina ba ni gishiri. To ba tsufa ba ne, ba kuma gishiri ba ne. Abu ne da na yi wa kakarku da hannuna, a shekarar da kai Emmanuel kake rarrafe, Lidiya ko cikinta ba a yi ba. Babanku ya sani, ya kuma tafi kabari bai faɗa muku ba, saboda shi mutum ne mai rufa wa matarsa asiri ko da ba ta cancanta ba.

Kawunku Ishaya a hoto kawai kuka san shi, wanda yake jingine da babbar mota a hoton falo. Shi ke bi na. Direba ne, yana lodin doya daga Iware da kasuwannin kewaye yana kaiwa kudu. Dogo ne, ga surutu, ga dariyar da ake ji daga gida na uku. Yana da wata ɗabi'a guda: komai yunwar da ya kwaso, ba ya sa loma a baki sai ya yi wanka da ruwan zafi. Saboda haka tun daga bakin ƙofa, kafin ma ya gaida kowa, zai ɗaga murya ya ce Mama, na iso, a ɗora ruwa. Wata tafiya ya tafi bai dawo ba. A lokacin ana tashin hankali a wani yanki na hanyar da yake bi. Bayan kwanaki aka tsinci motar a gefen daji an ƙone ta, babu kowa a ciki, babu kowa a kusa. Kakanku ya riga ya rasu, don haka babanku ne ya ɗauki hutu daga makarantar da yake koyarwa ya bi sawu. Sau uku yana zuwa. Ya shiga asibitoci, ya shiga ofisoshin 'yan sanda, ya zauna da masu unguwanni. Kowa ya ce Allah ya bayyana, ba wanda ya ce ya gan shi a raye ko a mace.

Da shekara ta zagayo, faston Iware ya zo da dattawa biyu suka ce wa Mama ya kamata a yi addu'ar biso, a yi zaman makoki, a sallami yaron nan hankali ya kwanta. Matan zumunta har sun fara shirin girki. Mama ta saurare su har suka gama, sannan ta amsa da Hausarta wadda ba ta san mace ba, kowa a bakinta namiji ne, har ni da ta haifa.

"Wa ya gani gawa? Kai ya gani? In ni ya yi kuka, ni ne ya kashe shi."

Daga nan ba wanda ya sake tayar da maganar. Kuma ba ta yi kukan ba. Ina so ku riƙe wannan da kyau, domin duk abin da zan faɗa a kansa yake tsaye. A wurinta hawaye kamar sa hannu ne a takardar mutuwar ɗanta, ita kuwa ta rantse ba da hannunta ba. Idonta ya bushe ƙayau, jikinta ya bi idon. Matar da take tayar da kunyar doya tare da maza ta koma ba ta iya kai fartanya gona. Dole muka ɗauko ta daga Iware muka kawo ta gidanmu na unguwar Yelwa a Jalingo. Ta zauna a gindin mangwaron tsakar gida kamar kututture. In an ba ta abinci ta ɗan taɓa, in an gaishe ta ta amsa, shi ke nan. Ni kuma ba ni da haƙurin jinya, ban taɓa ɓoye muku wannan ba. Nakan tsaya a kanta ina faɗa wai ta ci abinci, kamar faɗa yana buɗe ciki.

A lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, Jalingo ta cika da sababbin ofisoshi, duk mai 'yar takarda yana samun kujera. Ni na samu tawa a gidan rediyo, ina buga tafireta a sashen wasan kwaikwayo. Aikina shi ne furodusa ya miƙo mini labarin da ya rubuta da hannu, ni in buga shi tsaf, in fitar wa kowane ɗan wasa nasa kwafin. Furodusan namu Malam Tanko ne, mutumin kirki, amma rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan takarda. Inda na kasa karantawa nakan cike da abin da ya zo mini a kai, shi kuma bai taɓa ganewa ba, ko ya gane bai damu ba. Wasan da ya fi tashe shi ne na ranar Alhamis bayan la'asar, labarin wani direba mai suna Sale. Kowane mako Sale zai ɗauki hanya ya gamu da wata masifa, yau gada ta karye, gobe 'yan fashi, jibi mai ciki ta fara naƙuda a bayan mota. Amma ko me ya faru, kafin kiɗan rufewa sai ya dawo gida ya yi wa innarsa sallama.

Maƙwabciyarmu Dada Aisatu ce ta fara kawo rediyonta gindin mangwaro. Bafulatana ce, mijinta yana harkar shanu, ita da Mama ba su da yare ɗaya sai guntun Hausar da kowaccensu ta gurgunta ta hanyarta. Ta ce zaman shiru ba kyau, bari su ji wasa tare. Ina wanke-wanke ranar, ban ma kula ba, sai da Sale ya yi dariya na ji cokali ya faɗi daga hannuna. Dariyar Ishaya ce sak, har da ɗan shaƙewar nan ta ƙarshe. Na san mai yin muryar, kullum muna gaisawa a ofis, amma ban taɓa jin haka ba sai ta cikin akwatin rediyo. Na waiga na ga Mama ta miƙe zaune, ta karkata kunne. Da wasa ya ƙare ta tambayi Dada yaushe za a sake. Daren ranar ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari.

Ga laifina na farko, ko da yake har yau ban iya kiransa laifi da dukan zuciyata ba. Mako biyu bayan haka ina buga ƙarshen wani kashi, inda Malam Tanko ya rubuta cewa Sale ya shigo ya ce Inna na dawo. Yatsuna suka tsaya a kan tafireta. Sai na buga: Inna, na iso, a ɗora ruwa. Ɗan wasan ya karanta yadda ya gani, Malam Tanko ya ce kai, wannan ta zauna, a riƙa rufewa da ita kullum. Har ya riƙa yabon kansa a kan ya iya kama bakin direbobi. Ba a jima ba maganar ta bazu a gari, 'yan acaɓa suna faɗa, yara suna faɗa in sun taso daga makaranta. Ranar da aka fara sa ta ina zaune ina satar kallon Mama. Ta tashi a hankali ta shiga kicin, ta hura wuta, ta ɗora babbar tukunya. Da ruwan ya yi zafi ta tsaya a kansa jim, sannan ta juye a bokiti ta je ta yi wanka da shi da kanta.

Haka ya zama kowace Alhamis. Tun da hantsi za ta share gindin mangwaro, ta shimfiɗa tabarma biyu, ta aika a sayo batir ko da na cikin rediyon bai mutu ba. Matan layinmu suka fara taruwa, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, kowa da abin tsinta a faranti. Suna zagin 'yan fashi, suna yi wa Sale faɗa in ya yi gudu, Dada tana salati in taya ta fashe. Mama ta yi ƙiba, ta fara shuka kuɓewa a bayan ɗaki, ta karɓi goyon Emmanuel daga hannuna. Da kaka ta yi, 'yan'uwa suka aiko mata da gyaɗa daga Iware, ta soya ta ƙulla a leda ta ce in kai wa Sale ya riƙa ci a hanya don kada barci ya ɗauke shi. Na karɓa ina dariya a ciki, na kai ofis aka cinye.

Ni kaɗai ce a tsakar gidan nan ba na jin daɗin komai. Abin da suke ji yau na buga shi mako uku da suka wuce, na san inda na yi kuskure na goge, na san wanda ya zo aiki da mura ranar ɗauka. In suna riƙe numfashi wai Sale zai faɗa kogi, ni ina tuna cewa kogin bokiti ne da wani yake motsawa da hannu. Wani lokaci dariya takan kuɓuce mini a inda kowa ke jimami. Dada takan nuna ni da yatsa ta ce in na kuskura na faɗa musu abin da zai faru sai ta haɗa ni da mijina. A gaskiya ina jin haushinsu. Ina ganin kaina wayayyiya a cikin jahilai, kuma a ƙarƙashin wannan ina kishin abin da suke da shi wanda ni aiki ya ƙwace mini. Wannan na biyun sai da na tsufa na yarda da shi.

Ana cikin haka, wajen tsakiyar damina, aka yi wa mai muryar Sale canjin wurin aiki. Malam Habu sunansa, ma'aikacin gwamnati ne da ke zuwa mana wasa a matsayin sha'awa, aka tura shi Sunkani, ya ce ba zai iya jigilar zuwa ɗauka ba. Malam Tanko ya ce ba wanda zai iya muryar nan, gara a kashe Sale a huta. Ya miƙo mini takardun wata Litinin da safe. Na karanta: birki zai tsinke a gangare, mota za ta kife, Sale zai yi magana biyu ya cika, za a kawo gawarsa gida innarsa ta yi kuka a kanta. Na buga shafi ɗaya na kasa ci gaba. Na shiga ofishinsa na roƙe shi ya bar Sale ya yi ƙaura, ko ya yi aure a wani gari, ko ma ya shiga siyasa. Ya yi dariya ya ce mutane suna son abin da zai girgiza su, ni dai in buga abin da aka ba ni. Wannan karon ba gurbin kalma ba ne da zan cike da son raina.

Na kwana uku ina juya abin. Tsorona ɗaya ne, kuma na gaskiya ne: matar da muka samo da ƙyar za ta ji ɗanta ya mutu a cikin rediyo, zuciyarta ta tsaya. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar masu ganin sun fi kowa sani. Na ce zan kai ta situdiyo ranar da za a ɗauki mutuwar, ta ga komai da idonta, ta san wasa ne, ta yadda in ranar ta zo abin ba zai taɓa ta ba. Na gaya wa babanku yana gyaran takardun jarrabawar ɗalibansa. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Rifkatu, ki bar tsohuwar nan da abinta. Ba ta tambaye ki ba."

Na ce masa shi malamin makaranta ne amma yana goyon bayan duhun kai. Na ce uwata ce ba tasa ba, in ta faɗi ta mutu ranar Alhamis shi zai dawo mini da ita? Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ya mayar da tabarau idonsa, ya koma kan takardunsa. Kun san shi, in ya ga na hau sama yakan bar ni in sauko da kaina, sai dai wannan karon kafin in sauko na riga na yi ɓarna.

Na ce wa Mama za mu je ta gaisa da Sale. Ban faɗa mata sauran ba. Ta ce ba sai ta je ba, gaisuwa daga nesa ma gaisuwa ce. Da ina da kunne da na ji abin da take faɗa mini. Amma na matsa, na ce an riga an gaya masa, zai ji ba daɗi. Ranar ta yi wanka ta ɗaura zanen zumuntarta, wanda ba ta sawa sai ranar babbar sujada, ta soya sabuwar gyaɗa. A cikin tasi ta riƙe ledar da hannu biyu a kan cinya har muka isa.

Situdiyon ɗan ɗaki ne mara taga, an manna kwalayen ƙwai a bango, yana warin zufa da tsohon kafet. Na zaunar da ita a kujera a lungu. Mutum biyar suna tsaye a kewayen makirfo ɗaya, kowa da takardar da na buga a hannu. Na nuna mata Malam Habu. Gajere ne mai tumbi da sanƙo, ya haura hamsin, yana tauna goro. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi, da muryarsa ta kullum, siririya kamar ta mai tallan magani. Ya ce ashe ita ce mai gyaɗa, Allah ya saka. Sannan don ya faranta mata, ya kumbura ƙirji ya sauke murya ya ce Inna, na iso, a ɗora ruwa, ya kuma yi dariyar nan. Duk ɗakin aka yi dariya. Ba mugunta ya yi ba, bai san komai ba, ban taɓa gaya wa kowa a ofis labarin Ishaya ba. Mama ta dubi bakinsa da jan goro a haƙora, ta miƙa masa ledar, ta mayar da hannuwanta kan cinya.

Aka kunna jar fitila aka fara. Ƙarar mota daga kaset take fitowa. Kukan birki wani ne yake jan ƙusa a jikin faranti. Da aka zo kifewar, mai kula da sauti ya ɗaga tire cike da kwanonin sha da murafan tukwane ya sake shi a ƙasa, ya fasa kwalba a cikin bokiti. Malam Habu ya matso makirfo ya yi nishi, ya kira innarsa, ya cika, yana tsaye da takalminsa ɗaya a cire saboda yana masa ciwo. Malam Tanko ya leƙo daga bayan gilashi yana girgiza kai.

"Habu, wannan mutuwar ba ta yi ba. Sake mutuwa, ka ja ta kaɗan."

Sau uku ya mutu a gabanta. A na biyun ma dariya ta ƙwace masa a tsakiya saboda murfin tukunya ya gangara ya bugi ƙafar matar da ke yin innar Sale, wata yarinya ce da ba ta kai ni shekaru ba. Ita kuma da nata ya zo ta toshe hanci da yatsu biyu ta rusa kuka, tana duba agogo don tana da ɗaurin aure. Da aka gama Malam Habu ya kwance ledar Mama ya zagaya da ita kowa ya ɗiba. Ni ina tsaye ina murmushi, ina jin na yi aikin hankali. A hanyar gida na riƙa yi mata bayani kamar 'yar aji ɗaya: kin gani ko, Mama, ba wanda ya mutu, duk ƙarya ce, kwanoni ne. Ta ce ta gani.

Alhamis ɗin da ta biyo ba ta share gindin mangwaro ba. Dada ce ta share, ta shimfiɗa tabarma. Mama ta fito ta zauna don kada a ce ta ƙi mutane, amma da Sale ya yi sallamarsa ba ta tashi ba, tukunya tana kife a inda take. Na ce a raina kwana biyu ne za ta ware. Mako na uku aka sa mutuwar. Ban taɓa ganin tsakar gidanmu ya cika haka ba. Da mota ta fara gangarawa mata suka miƙe tsaye. Da ta kife Dada ta dafe kai ta zube a tabarma, matar kafinta ta ƙarshen layi ta fasa ihu, har waɗanda ba su taɓa rasa kowa a hanya ba suna sharɓar hawaye. Kowa yana kuka da gaske, kowa kuma na san akwai wanda yake tunawa. Mama tana zaune a tsakiyarsu da farantin wake a cinya tana tsinta. Dada ta kamo hannunta tana cewa Sale ya tafi, Sale ya tafi. Mama ta zare hannun a hankali.

"Kwano ne. Ni ya gani. Kwano ne da kwalba."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Na dubi idonta, a bushe yake kamar ranar da fasto ya zo. A nan ne cikina ya fara gaya mini abin da na yi, amma bakina bai yarda ba tukuna. Har na ce wa babanku da yamma, ka gani, ba ga shi ta tsallake lafiya ba. Ya ce mini eh, ya gani.

Daga ranar ta koma kututturen da muka ɗauko daga Iware, har ta fi. Kuɓewarta ta bushe a tsaye. Ta daina karɓar Emmanuel. Aka fara sabon wasa a rediyo, Dada ta kawo, Mama ta ce a kai can, kanta yana ciwo. Muka kai ta asibiti aka auna komai aka ce ba a ga wani ciwo ba. Wata ranar Asabar bayan an gama girbi ina shafa mata mai a ƙafa a ɗakinta, rana tana shigowa ta taga, sai haushi da tsoro suka haɗu suka fito mini ta baki kamar yadda suka saba. Na ce Mama, me kike so in yi? Don kada ki mutu na kai ki. Na ga kin ɗauka Ishaya ne a cikin akwatin nan. Sai ta juya zuwa yarenmu na Mumuye, abin da ba ta yi da ni sai magana ta kai magana. A yarenmu bakinta ba ya tuntuɓe, don haka zan rubuta muku yadda ta faɗa.

"Ke kin ɗauka uwarki mahaukaciya ce? Na san ba shi ba ne tun ranar farko. Na kuma san ke kika sa maganar ruwa. Wa ya san ta a garin nan in ba ke ba? Na ce 'yata ba ta iya lallashi da baki ba, ga yadda ta iya, na karɓa."

Na kasa ɗaga kai daga ƙafarta. Ita kuwa ta ci gaba.

"Na san wata rana za su kashe shi, direba ne. Ina jiran ranar. Ishaya ba zan iya yi masa kuka ba, ban ga gawarsa ba. Amma wannan da an kawo shi gida, da na ji uwarsa ta gan shi, da na yi kuka tare da ita har ya ishe ni, ban kuma kashe nawa ba. Shi ne kika kai ni na ga kwanoni."

Ba ta faɗa da faɗa ba, da ma ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe, ta ce in ci gaba da shafa man. Na yarda ta yafe, amma yafewa ba ta mayar da abin da na fasa ba. Na je na roƙi Malam Tanko ya ba ni kaset ɗin na kawo gida na ce ko za ta sake ji ita kaɗai. Ta ce in ta rufe ido gajeren mutumin nan take gani da takalmi ɗaya. Ta rasu kafin damina ta sake zagayowa, da rana tsaka, a kan tabarmarta. Ni na rufe mata ido, kuma ko a lokacin babu ɗigon ruwa a cikinsu.

Na yi shekaru da yawa bayan haka ina buga wasanni har na yi ritaya, ban sake ƙara kalma ɗaya a rubutun kowa ba, ban kuma sake zama na ji wasa ko na kalli fim har ƙarshe ba. Kun sha yi mini tsiya wai ba ni da sha'awar komai sai labarai da wa'azi. Yanzu kun san dalili. Ba na cewa ilimi abin gudu ne, ni da na sayar da zannuwana don ku yi karatu ba zan faɗi haka ba. Emmanuel, 'yarka za ta san igiya ce wata rana, wataƙila ma ta riga ta sani, ta ajiye sanin a gefe don tana da abin da take yi da mutumin nan mai tashi sama. Kai ba ka san mene ne ba, kamar yadda ni ban sani ba. In ta tambaye ka, ka faɗa mata gaskiya. In ba ta tambaya ba, ka riƙe wayarka. Faɗan da na yi maka a gaban surukanka ban kyauta ba, ka yafe mini, ba kai nake yi wa ba.

Abu ɗaya nake roƙonku, na kuma riga na gaya wa fastonmu ya rubuta. Har yau ba a yi wa Ishaya addu'ar biso ba. Mama ta hana, ni kuma bayan abin da na yi ban ga ina da bakin da zan buɗe maganar ba. Waɗanda suka san shi duk sun ƙare, saura ni. Ranar da za ku binne ni, a kira sunansa tare da nawa. Ba ku san shi ba, na sani, amma matan layinmu ma ba su san Sale ba. Ku ɗora babbar tukunya a wuta tun da safe, ku yi masa kukan da na hana uwarsa.